Mai Birkin Waya

Shekara ashirin da biyu Harouna ya yi yana ja wa garuruwan wasu wayar kuran, wato wutar lantarki, alhali a ƙauyensu, gabas da Birnin Lalle, da tocila ake neman allura. Ni maƙwabcinsa ne a Dakoro, kuma na ji labarin injinsa har na iya shi kamar da ni aka yi aikin.

Inji biyu ne, in ji shi. Ɗaya yana can nesa yana jan waya ta kan ƙananan tayoyi da aka rataya a kowane poto, wato sandar da ke ɗauke da waya. Ɗayan yana kusa da naɗin wayar, yana sakinta kaɗan-kaɗan da birki, kuma nan ne mazaunin Harouna. In ya saki da yawa, waya ta sauko ta ja ƙasa, dutse ya karce ta, watarana ta tsinke a wurin. In ya matse da yawa, ta miƙe ta lalace. Yakan ce a rijiyar ƙauyensu ya koyi aikin, yana yaro yana lura da igiyar guga lokacin da bijimin sa ke janta.

Abu ɗaya ke cin ransa: wansa Elhaji bai taɓa ganinsa a kan injin ba. A wurin Elhaji, ƙanensa lebura ne da ya gudu ya bar gona. Duk sallah in Harouna ya fara bayani, sai Elhaji ya ce, "To, mai birki, mu dai hatsi muka sani." Jama'a su yi dariya, shi ma ya yi, amma ni na san ba ta kai ciki ba.

Bara aka ce kuran zai shiga ƙauyen. Harouna ya riga ya bar aiki, gwiwa ta hana, amma ya ce lallai shugaban aikin zai ba shi birki ko na poto ɗaya ne. Ya sa aka wanke masa babbar rigarsa, ya ja ni muka tafi. Ya zaunar da Elhaji a inuwa inda zai ga komai.

Da hantsi mota ta iso. Naɗin waya ɗaya ne a bayanta, da ma'aikata shida. Babu inji.

"Ina injin ja?" ya tambayi shugabansu, wani mai suna Ɗayyabu.

"Baba, wanga ɗan layi ne. Da hannu muka jan shi, ba ya buƙatar inji."

Wallahi na ji masa ciwo. Da ma Elhaji ya yi ba'ar tasa da ya fi sauƙi.

Suka kama ja suna waƙa. Wayar ta bi yashi lafiya har ta doshi wasu duwatsu a bakin hanyar rijiya. Sai na ga Harouna ya tashi yana ɗingishi.

"Ku dakata! Za ku karce ta!"

Ba su ji ba. Ya tuɓe babbar rigar ya shimfiɗa a kan duwatsun, ya durƙusa ya danne gefenta da hannu biyu. Wayar ta yi ta wucewa a kai har rigar ta yage. Bai ɗaga kai ya duba ko Elhaji yana kallo ba, sai da ƙarshen wayar ya wuce.