Kada a Kira Badi'a

Yayana Uwaisu bai taɓa barin bakin aiki kafin mai karɓarsa ya iso ba. Tun yana saurayi yake kula da tukunyar tururi a wani kamfanin jima da ke Challawa, har warin fata ya kama jikinsa, sabulu ma ya sallama. Mutum ne mai taurin kan tsiya, kuma ni ba na cikin masu yaba masa wannan hali.

'Yarsa Badi'a kaɗai ke iya juya shi. Kimiyya ta karanta, karatun ya kai ta Turai. Yadda ta yi mana bayani, akwai wani ƙaton inji da ke samar da ƙwayoyin zarra marasa tsawon rai, kafin ƙiftawar ido sun ruguje. A ɗan wannan tsakanin ake haska su da hasken leza don a gane girman cibiyarsu da siffarta. Masu neman injin sun yi yawa, sai an yi shekaru a layi kafin a ba mutum 'yan kwanaki. Wanda ya rasa nasa ya koma baya.

Ni dai ban gane komai ba. Shi kuwa ya gyaɗa kai ya ce, "Ashe aikin karɓa-karɓa ne irin namu." Tun daga ranar, duk wanda ya zauna kusa da shi a teburin mai shayi sai ya sha labarin leza, yana so ko ba ya so.

Tarin da ya daɗe yana rainawa ya kwantar da shi daidai lokacin da layinta ya zo. Likita ya ja ni gefe ya ce a kira na nesa. Ina ɗauko waya Uwaisu ya riƙe mini hannu.

"Muntari, in ka kira ta ban yafe ba. Yarinya tana bakin aiki."

"Yaya, kai fa ubanta ne."

"To uban ne ya ce a bari ta gama."

Raina ya ɓaci matuƙa, amma wa zai tsallake irin wannan magana? Kullum Badi'a ta turo saƙo, mahaifiyarta Atika ta amsa da cewa jiki da sauƙi, tana rubutawa tana share hawaye. Uwaisu ya jima yana jan numfashi da ƙyar, jimawar da ko ta Legas Badi'a ta biyo da ta same shi da rai. Da hantsi ya cika, kafin la'asar mun kai shi makwancinsa.

Muna zaman makoki wayata ta yi ƙara. Badi'a ce, muryarta a gajiye.

"Baffa, injin fa ya lalace tun ranar farko. Ko ƙwaya ɗaya ba mu gani ba, jiran gyara kawai muka yi ta yi. Na ɓoye ne don kada Baba ya ji babu daɗi. Wayarsa a kashe take, don Allah ku miƙa masa."