Gafakar Kakanmu Ta Koma Badafi

Yau zuwana na huɗu ke nan ofishin masu adana tsofaffin takardu, kuma gafakar kakanmu tana nan a saman kanta yadda na bar ta tun kafin damina.

Rubuce-rubucensa ne na ajami a ciki. An ce a kawo su ɗauki hoto su mayar wa masu su, Baba ya ba ni na kawo daga Badafi. Yanzu yana kwance ba lafiya, kullum sai ya tambaya ko an dawo da takardun mahaifinsa.

Na tarar ma'aikacin yana ta aiki a kan wani buhun takardu da aka kawo shekaranjiya, duk gara ta cinye gefensu.

Na ce, "Ranka ya daɗe, mu fa muka riga su."

Ya ce, "Samari, nan ba layin injin niƙa ba ne. Waɗanda suka kusa lalacewa muke fara ɗauka. Naku an adana su da ganyen darbejiya, ko ɗigon ruwa bai taɓa su ba. Za su iya jiran shekara ashirin."

Na ce, "Su za su iya. Mai jiran nasu ne ban sani ba."

Sai ya sauko da gafakar, ya ce in kai wa Baba, duk ranar da na dawo da ita lambarmu a layi tana nan.

Na ɗaure ta a bayan mashin na kamo hanya. Har yanzu ban ga laifinsa ba.

Da ku ne a kujerarsa, wanne za ku fara ɗauka?