Zaren da na ɗinke littafin Yaya Hadiza da shi

Yau shekara shida ke nan da muka binne yayata Hadiza a nan Greensboro, nesa da Maraɗin da ta yi ta cewa can za ta koma ta tsufa. Allah Ya jiƙanta. Na daɗe ina jin nauyin rubuta wannan, domin akwai laifin da na yi mata bayan ranta.

Yaya aikin ɗaure kwalaye take yi a wani gidan ajiyar kaya da ke titin Wendover. Ranar Asabar kuwa, idan yaran unguwa sun tashi daga karatun allo, sai su cika falonta a unguwar Glenwood ta karanta musu labarin da take rubutawa a cikin wani littafin 'yan makaranta, irin wanda mu mutanen Nijar muke kira kaye. Ta gaba ta fara labarin Salma, Bafalasɗiniya 'yar shekara bakwai, wadda gini ya rufta wa ƙaninta. Sai ta juya kayen ta baya ta fara na Tamar, Bayahudiya sa'arta, wadda babanta ya shiga motar haya bam ya tashi da ita, bai dawo ba, tun daga nan kuma take fitsarin kwance duk ranar da jiniya ta yi kuka. Nufinta yaran biyu su haɗu a tsakiyar littafin. Ciwo bai bar ta ta kai can ba.

Ni fa ban iya ɓoye abin da ke raina ba. Ranar da na ji ta karanta ɓangaren Tamar, na ja ta kicin na ce, "Haba Yaya! Yanzu Bayahudiya za ki sa 'ya'yanmu su yi wa kuka?"

Ta dube ni ta ce, "Balki, shekararta bakwai. Faɗa mini abin da ta yi."

Na ɗauki mayafina na fita.

Da ta rasu, kayen ya faɗo hannuna. Yaga shi ya fi ƙarfina, rubutunta ne. Amma ni tela ce, sai na zura baƙin zare na ɗinke shafukan Tamar kaf, ɗinki mai kyau kuwa. Na ci gaba da karanta wa yara Salma ita kaɗai.

A 'yan shekarun nan nakan tambayi kaina abin da Yaya za ta ce da ta ga abin da muke gani a waya: yaran Gaza jere cikin likkafani, iyaye suna tonon ƙasa da hannu. Wallahi akwai ranakun da abinci ba ya shiga bakina. Nakan ce a raina, ai ga shi nan, da tana nan da ita ma ta ɗinke. Amma na san ta. Da ta fi ni kuka, kuma da ba ta ɗinke ba.

Watan jiya Amira, jikar Yaya, 'yar shekara takwas, tana zaune kusa da keken ɗinkina ta juya kayen, ta ga zaren. Ita da kullum da Turanci take amsa mini, ranar sai ta lallaɓo Hausarta ta ce, "Kaka, wa aka kulle a ciki?"

Kunya ta rufe ni. Na ɗauko reza na warware.

Na karanta mata. Da muka zo inda Tamar take ɓoye zanin gadonta don kada uwarta ta ƙara damuwa, Amira ta fashe da kuka. Irin kukan da ta yi wa Salma ne sak, ban ji bambanci ba. Wannan kukan ne na yi shekara shida ina hana yara.

Ba zan ce fushina ya huce ba, ƙarya zan yi. Yaya ba ta bar gida ba, ba ta bar fili ba, littafin ma bai ƙare ba. Abin da ta bari tambayar nan ce ta kicin, kuma har yau ban samo abin da yarinyar ta yi ba.

Zaren ya fita, amma hudar allurata tana nan a kowane shafin Tamar. Amira ta shafa ramukan da yatsa, ta tambaye ni wa ya yi mata haka. Na ce ni ce.