Ranar da Aka Sanar da Mu Muna Cikin Arha

A duk shekarun da na yi ina shugabantar ƙaramin asibitinmu na Malikanchi, ranar da ta ƙi fita raina ita ce ranar da aka taso takanas daga Abuja don a shaida mana cewa muna cikin jin daɗi. Mu dai ba mu sani ba. Allah ya saka wa wanda ya zo ya faɗa mana.

Ku da kuka kama aiki kwanan nan, bari in yi muku bayanin tsarin lokacin. Albashinmu daga gwamnati yake zuwa. Amma akwai wata ƙungiya mai zaman kanta da ke ƙara wa ungozomomi alawus duk wata, don su daure su zauna a ƙauye. Wannan alawus shi ya riƙe mana Sista Rahila, ungozoma 'yar kudancin Kaduna. Ta daɗe tare da mu har ta iya Fulatanci. Matan rugage da ba sa yarda kowa ya taɓa su, ita suke nema. Ni kuwa incaj ne, wato duk abin da ya lalace ni za a tambaya, duk abin da ya yi kyau kuma na ƙungiya ne.

Da kaka ne, bayan an cire tallafin mai. Aka tara mu a Ikara, mu da abokan aikinmu na Makarfi da Kudan. Jami'in ƙungiyar da ya zo, Alhaji Sa'idu, mutum ne mai fara'a da ladabi. Ya gaishe mu ɗaya bayan ɗaya, har da tambayar iyali. Sannan ya haska mana zane a bango. Ya ce dogon layin shi ne matsakaicin tsadar rayuwa na ƙasa baki ɗaya, wato an haɗa na kowa an raba daidai. Gajeren kuma jiharmu ce. Ɗan guntun da ke can ƙasa, wanda sai ka matso za ka gan shi, mu ne mutanen karkara. Saboda haka, in ji shi, adalci ya nuna a rage alawus ɗinmu a ƙara wa na birane, bayin Allah da ke shan wuya.

Na ɗaga hannu. Na ce, "Ranka ya daɗe, a cikin wannan arhar har da man fetur?"

Ya ce, "An haɗa komai, Incaj."

"Da magani? Da taki? Da kuɗin mota zuwa Zariya?"

Ya yi murmushi irin na malami da ɗalibinsa ya kasa gane darasi. "Ai ku a nan masara a bayan ɗakinku take."

Sista Rahila ta miƙe. Ba mai yawan magana ba ce. Ta ce, "Yallaɓai, ni ba ni da gona. 'Ya'yana biyu suna makaranta a Kaduna. In na je biyan kuɗin makaranta, in ce musu a yi mini ragi, daga wurin arha na fito?"

Aka yi dariya. Shi ma ya yi, ya ce za a duba. Ku riƙe wannan kalmar, za ku ji ta sau da yawa kafin ku yi ritaya.

Da aka tashi ya roƙe ni in raka shi kasuwa. Gaskiya ba zan yi masa ƙarya ba, ranar nan kasuwa ta tsaya masa. Tumatir ya yi yawa har manoma na roƙon masu saye. Ya cika bayan mota da tumatir da attarugu da buhun masara, aka ɗaure masa rake a sama. Yana ta cewa, "Ka gani ko, Incaj? Wallahi kuna hutawa." Manomin da ya sayar masa da tumatirin yana tsaye yana kallon kuɗin a hannunsa. Da ya tambaye shi, da ya faɗa masa cewa kuɗin bai kai na takin da ya zuba ba. Arhar da Alhaji ke yabo, asarar wannan mutumin ce. Amma a zanen bango babu layin asara.

Wata na kamawa aka rage alawus. Na rubuta, na kira waya, na je Kaduna da kuɗin aljihuna. Ana dubawa. Sista Rahila ta daure har rani, sannan ta same ni a ofis ta ce, "Incaj, ka yafe mini. Na samu aiki a wani asibitin kuɗi a Kaduna." Ban iya cewa ta zauna ba. Ranar da za ta tafi, matan Fulani suka zo da ƙwaryar nono da man shanu, suka zauna a ƙofar asibiti suna kuka, ita ma tana yi.

Bayan tafiyarta ɗakin haihuwa ya koma wurin ajiye kujeru. Mata suka koma haihuwa a gida. Wadda abin ya yi wa tsanani sai a nemi mota. Akwai matar wani makiyayi, Haruna, da jini ya ɓalle mata wurin haihuwa da hantsi. Ni na riƙe mata ledar ƙarin ruwa a cikin mota har Zariya. Ta rayu, jaririn bai rayu ba. Haruna ya sayar da saniya kafin a sallame su. Da ya dawo ya zo ya yi mini godiya, ya tambaye ni yaushe Sista za ta dawo. Na ce ana dubawa.

Da rahoton raguwar haihuwa a asibiti ya isa Abuja, hankali ya tashi. Aka yi taro a otal, aka gano cewa ma'aikata ba sa son zaman ƙauye. Babban bincike ke nan. Aka turo mana sabuwar ungozoma, aka yanka mata abin da suka kira alawus na wahalar karkara, wanda ya fi abin da aka cire wa Sista Rahila nesa ba kusa ba. Ashe garin namu mai arha ne ga wanda ke cikinsa, mai wahala ne ga wanda za a kawo. Yarinyar kirki ce, ba ni da abin faɗa a kanta. A Zariya take kwana, takan iso wajen azahar in mota ta samu. Mata kuwa suka ƙi koyon yin naƙuda a kan lokacin aiki.

Abin da na koya shi ne, a wannan aikin namu hukuncin da zai taɓa majinyacinka galibi wanda bai taɓa ganinsa ba ne zai yanke, kuma ba da mugunta ba. Don haka in an kira ku taro, ku je, ku gaisa, ku ci abincin. Amma in aka haska zane a bango aka ce ga matsayinku, ku tambaya wa aka tambaya kafin a zana. Sannan ku lura da wanda bai cika magana ba a cikinku, domin shi ne zai fara ajiye aiki.