Ranin da Na Rage Karatu

Ni na nemi a rage mini, ba wanda ya sa ni. Gara in fara da wannan, don jikokina sun ɗauka Malam ne ya ga hazaƙata ya sauƙaƙa mini. Wace hazaƙa? Gajiya ce kawai, da son jiki irin na saurayi.

Lokacin ina zangon ƙarshe a zauren Malam, nan Matameye, a shekarun da Nasara suka fara zama da gindinsu a Damagaram. Na yi sauka tun ina yaro, na shiga karatun littattafai, har gemu ya fara tsiro mini ina kan buzu ɗaya. Da hantsi tafsiri, bayan azahar fiƙihu, bayan la'asar nahawu. Tafsirin ne ake jira in kai ƙarshensa kafin damina, a yi walima a sallame ni.

Da aka gama kaka sai na je na durƙusa, na ce, "Allah gafarta Malam, kaina ya cika. Ko za a bar mini tafsirin kaɗai, in ajiye sauran?"

Ya ɗan dube ni, ya ce, "To sauran yinin fa?"

Na ce, "Maimaici zan riƙa yi."

Ya ce, "Allah ya sa." Malam ba mai jan magana ba ne, daga nan bai sake tayar da zancen ba.

Kwanakin farko wallahi na sha daɗi. Kafin rana ta take na naɗe buzuna, yinin duka nawa ne. A gida ban faɗa ba, ba don wata manufa ba, cewa na yi sai na ɗan huta tukuna in gaya wa Baba.

Ana haka dogari ya zo daga Kance da saƙon kumandan, Baturen da ke mulkin yankin. Za a yi hanyar mota, kowane gida ya ba da namiji ɗaya, a je a haƙo marmara a kwaso a ka. Aikin dole ne, ba a tambayar ra'ayin kowa. Mu kuwa maza a gidanmu, in ka cire Baba da ya tsufa, daga ni sai Yaya.

Yaya wana ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Yana da mata da 'yar ƙaramar yarinya, yana da lambu a fadama, rake da albasa. Da jigo yake ban ruwa. Wanda bai san jigo ba, doguwar sanda ce mai nauyi a gindi, guga na rataye a bakinta, ka miƙa hannu sama ka jawo ta ƙasa, ta ɗago maka ruwa ka juye. Tun safe har rana ta yi zafi hannunsa na sama. Da kafaɗar nan yake ci da iyalinsa, da ita muke ci mu ma.

Mai unguwa ya tsaya a ƙofar gida yana jiran a ce masa wa za a rubuta. Baba ya ce, "Ƙaramin yana gaban Malam tun hantsi har la'asar sakaliya, ba ya da sarari." Ina tsaye a wurin, gafakar littattafaina a kafaɗa. Maganar Baba gaskiya ce, amma gaskiyar watan jiya. Na buɗe baki, sai Yaya ya riga ni da dariya.

Ya ce, "Wannan? Kwando ɗaya zai lanƙwasa shi kamar kara. A sa ni, Baba."

Na rufe bakina. Washegari ya naɗa gammo ya bi ayari.

To daga ranar nan hutuna ya zama mini kaya. Dole kullum bayan azahar in rataya gafaka in fita kamar mai zuwa ɗaukar karatu. Ina zan je? Kasuwa ido ya yi yawa. Zauren Malam kuma kunya ta hana, ni da na ce kaina ya cika, in koma in ce a mayar mini? Sai in bi hanyar Kurni, akwai wata tsamiya bayan gari inda makiyaya ke hutawa, ba su san ko ni ɗan wa ba ne. Nan nake kwanciya, gafaka a matsayin matashi. Wani lokaci mu buga dara. Maimaicin da na yi wa Malam alkawari, ko shafi ban buɗe ba, don in na buɗe ma ba na ganin komai sai Yaya da kwando a ka.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne lambun. Ga ni da yini guda a hannu, ga albasar Yaya tana bushewa, amma ba halin in taɓa. In aka gan ni a fadama da rana tsaka za a ce ina karatun? Baba da matar Yaya su ke fama da tulu, suna bin fangali ɗaya bayan ɗaya, rabi ya sha rabi ya kwana da ƙishi. Wata rana na kasa daurewa, na saci jiki na je na kama jigon. Ban juye guga nawa ba sai ga maƙwabcinmu na lambu ya taho da gudu.

Ya ce, "Subhanallahi! Malam, ajiye, ajiye! Kai da aka bari don karatu? Koma zaure, ni zan ɗan zuba masa in na gama nawa."

Ya karɓe sandar daga hannuna, har da kaɗe mini riga. Na koma gindin tsamiya ina jin kamar in yi kuka.

A gida kuma Inna ta ƙara mini da nata. Furata ita ce mai yawan nono. In ƙanwata ta yi ƙorafi sai ta ce, "Ke rufe mini baki, shi da kai yake aiki." Ina sha tana tsaye tana kallona da tausayi, wai na rame. Ramar gaske ce, amma ba ta karatu ba.

Da rani ya raba tsakiya, wata Juma'a, sai ga Yaya. An ba su dama gidan da ke da wani namiji ya canja mutum. Tun daga yadda ya shigo na san ba lafiya. Ya zame a ramin marmara da kaya a ka, ya faɗi kan kafaɗar dama. Ta kumbura ta yi suntum. Da aka kawo tuwo, sai da ya tallafi gwiwar hannun da hagu kafin ya kai loma baki. Aka kira mai ɗori ya duba, ya shafa, ya ɗaure, ya ce in ta huta za ta koma daidai, in kuwa aka sake ɗora mata kaya, to shi ba ruwansa.

Bayan la'asar Baba ya kira ni zaure, Yaya na jingine da bango. Baba ba ya son ya ce wa ɗalibi ya bar karatu, yana ganin zunubi ne, shi ya sa ya daɗe yana kame-kame kafin ya fito da maganar.

Ya ce, "Karatun nan naka, babu yadda za a yi Malam ya ɗaga maka, ko na ɗan lokaci?"

Ga ƙofa an buɗe mini. Abin da zan ce bai fi a ce, Baba, an daɗe da ɗaga mini ba. Tafsirin ma da na roƙa, Malam zai jira ni, na sani. Amma na ji tsoro. Na ji tsoron kwando, na ji tsoron bulalar masu tsaron aiki, na kuma fi jin tsoron Baba ya tambaye ni inda nake yini tun da aka tafi da wana.

Na ce, "Saura kaɗan, Baba."

Yaya ya gyara zama yana cije leɓe, ya ce, "Haba Baba, ya kusa kai gaci za a tsinke masa? Mu dai mun riga mun zama jakai. A bari gidan nan ya samu mutum ɗaya da zai riƙa yi mana addu'a da Larabci mai kyau." Ya yi dariya, ya harbe ni da ƙafa a hankali. "Ko ba haka ba, Malam ƙarami?"

Na ce haka ne. Bai daɗe a gida ba ya sake naɗa gammo, aka ɗaura masa hannun a ƙirji da tsumma, ya koma.

Na kai ƙarshen tafsiri hadari na fara haɗuwa a gabas. A makon aka sallami masu aikin hanya su je su yi shuka. Yaya ya dawo, kumburin ya sace, amma hannun ya ƙage, ba ya wuce ƙirji. Da ya je lambu ya tsaya gaban jigonsa, ya gwada da hagu kaɗai, sandar ta ƙwace ta koma sama. Bai sake jan jigo ba har ya bar duniya.

Ranar walima aka cika zauren Malam har waje, aka yi waina, aka raba goro. Malam yana da al'ada, in zai naɗa wa ɗalibi rawani sai ya ba wani daga gidansu ya fara ɗora zagayen farko, sannan shi ya ƙarasa. Ya miƙa wa Baba, Baba ya girgiza kai ya ce, "A ba wansa. Shi ya tsaya masa."

Aka tsayar da ni tsakiyar jama'a. Yaya ya karɓi farin ƙyallen, ya ɗaga hannu. Na hagun ya kai, na daman ya tsaya a hanya. Na yi maza na durƙusa. Ko a haka hannun ya ƙi zagaya kaina. Sai ya dafe bakin rawanin a goshina, ya ce in riƙe, ya kama sauran da hagu, ya riƙa zagaya ni da ƙafa yana ja. Mutane suka yi dariya, shi ma ya yi, ya ce, "Ku yi haƙuri, kan ne ya yi girma da ilimi."

Da ya dawo gabana ya sunkuya don ya soke bakin ƙyallen, fuskarsa dab da tawa, gumi na tsatsafo masa saboda zafin kafaɗar. Ya yi ƙasa da murya yadda ba wanda zai ji sai ni.

Ya ce, "To alhamdu lillahi. Ka sha wahala, ƙanena. Yanzu sai ka samu ka ɗan huta."