Motar Anti Sannu-sannu

Yaran da take kaiwa makaranta ne suka laƙa mata Anti Sannu-sannu, don ko mai keke yana iya wuce ta a titi, kuma ko a jikinta. Sunan ya bi ta har iyayen yaran ma da shi suke kiranta.

Ita ce babba a gidansu. Mahaifinsu ya rasu tana ajin ƙarshe na sakandare, sai ta ajiye karatu ta kama aikin shara a wani asibiti, daga baya ta koma tsaron shagon kayan masarufi. Ta yi aure bai yi ƙarko ba, ta dawo gida ba ɗa ba jika, ta ci gaba da riƙon Inna da ƙannenta. Mai shagon ne ya koya mata tuƙi don ta riƙa kai wa mutane kaya. Da ta tara abin da ta tara, sai ta sayi wata tsohuwar bas mai layin kujeru uku, wadda ƙofar gefenta sai an ɗan ɗaga ta kafin ta rufu.

A wannan motar ta yi suna. Ta san yaron da mota ke sa shi amai, shi take zaunarwa kusa da taga, da leda a aljihun kujerarsa. Ta san waɗanda ba a haɗa su kujera ɗaya. Ba ta tashi sai ta ga yaro ya shige ƙofar gidansu. Shekaru ta yi tana wannan aiki ko madubi ba ta taɓa gogar wa kowa ba. Inshorar motar kuwa mai rahusa ta yanka, wadda sunanta kaɗai ke ciki a matsayin direba, tunda ba ta ba kowa makulli.

Wata Asabar da rana tsaka tana bayan gida tana wanke rigunan kujeru, sai ta ji ƙarar ƙarfe ya haɗu da ƙarfe, gilashi ya tarwatse. Ta fito da kumfa a hannu. Auta ne, ƙaninta na ƙarshe, ya zare makulli daga jikin ƙusa zai je ya ɗauko wa abokinsa firji. Garin yin ribas ya daki motar mai kemis ɗin da ke kallon gidansu, ya lotsa ƙofar baya, ya fasa fitila. Layin ba kowa saboda zafin rana. Kafin mai kemis ya sallami wanda ke gabansa ya fito, Auta ya riga ya sulale ya koma can gefe, ita kuma tana tsaye a ƙofar direba da makullin da ta fizge daga hannunsa.

Mai kemis ya dubi motarsa, ya dube ta.

"Anti, yau ke ce da kanki?"

Ta buɗe baki za ta yi magana. Auta ya kafe ta da ido kamar lokacin da yake yaro in ya fasa kwano. Ta ce wa mai kemis ya yi haƙuri, za a gyara.

Mutumin ba shi da fitina. Ya ce makwabta ne, ba sai an kai maganar ko'ina ba, a kira mai gyara ya duba a sasanta a tsakaninsu. Mai gyara ya zo ya shafa ƙofar, ya tsotsi haƙori, ya ce irin wannan motar ba a buga mata ƙofa, sai dai a sauya, fitilar ma sai an yi oda. Kuɗin da ya faɗa ya kai abin da take samu a zangon karatu guda. Ba ta da su. Saura inshora, ita kuma inshora ba za ta biya ko sisi ba in aka ce Auta ke tuƙi.

Inna ta kira ta ɗaki ta sa ta zauna a bakin gado. Ta tuna mata cewa Auta na jiran kiran wani kamfani da zai ɗauke shi direba, kuma kamfanin na bincika ko mutum ya taɓa yin hatsari. Ta ce yaron ya daɗe yana zaman banza, wannan ce damarsa ta farko.

"Ke kowa ya san hannunki," in ji Inna. "Don kin gogi mota sau ɗaya ba wanda zai ce komai. Shi ko in ya rasa wannan, ban san inda zai faɗa ba."

Da ma'aikacin inshora ya zo ɗaukar hoto ya tambayi wanda ke tuƙi, ta ce ita ce. Ya tambaye ta ko ba ta duba madubi ba ne. Ta ce ta duba, ƙafarta ce ta zame. Maganar ta fito mata da ƙyar, ta wuni tana jin ɗacinta a baki. Masu inshora suka biya, ban da kason da ya zama nata ta cika, sannan da aka zo sabuntawa suka ƙara mata kuɗi.

Da a nan abin ya tsaya, da ta haɗiye. Amma fitilar ta daɗe ba ta iso ba, mai kemis ya koma zuwa aiki a ƙafa, duk wanda ya tambaye shi ina mota sai ya ba shi labari yana dariya, ba da mugun nufi ba. Iyayen yaranta da yawa a wurinsa suke sayen magani. Labarin ya fita daga kemis a matsayin ƙofar da ta lotse, ya isa bakin makaranta ya zama birki ya tsinke. Kafin ya zagayo ya dawo kunnenta, har an ce da yara a ciki.

Sai aka fara janyewa. Wannan ta ce maigidanta ya sami sauyin lokacin aiki, shi zai riƙa kai su. Wancan ya ce an sami wata mota da ta fi kusa. Maman tagwaye, wadda ita ce ta fara ba ta amanar 'ya'yanta tun motar ba ta da labule, ta zo har gida. Ba ta yi kwana-kwana ba. Ta ce ta yarda da ita, amma shekaru sun fara ja, kuma wanda ƙafarsa ta zame sau ɗaya za ta iya sake zamewa. Anti Sannu-sannu ta yi kamar ta faɗa mata gaskiya. Sai ta tuna cewa ta yi wa inshora ƙarya, in maganar ta fita ita za a fara kamawa. Ta raka matar bakin ƙofa ta ce a gaishe da yaran.

A lokacin Auta ya riga ya sami aikin. Ta same shi yana goge takalmi, ta roƙe shi ya je ya faɗa wa Maman tagwaye ita kaɗai, a asirce, ko ta dawo da yaran sauran su biyo baya. Ya ce Yaya ta ɗan ƙara haƙuri, yana lokacin gwaji ne, ta bari a tabbatar da shi. Aka tabbatar da shi. Ta sake tuntuɓarsa, ya ce ai abin ya wuce, mutane sun manta, mene ne na tono shi. Bai taɓa tambayarta nawa ta cika ba. Da ta kai kuka wurin Inna, sai Inna ta ce Allah zai ba ta wasu yaran, kuma bai dace babba ta riƙa gorin abin da ta yi wa ƙaninta ba.

Wasu yaran ba su zo ba. Da abin da take samu daga waɗanda suka rage ya kasa biyan kuɗin mai, ta kwance kujerun baya ta jingine su a zaure, ta koma dakon ƙwai da katan-katan na ruwa zuwa shaguna. Aikin ya fi nauyi, samun bai kai ba, kuma bayanta ya fara ciwo.

Bayan Auta ya yi aure ya tashi, wata rana ya zo gaida Inna da wani abokin aikinsa. Ana zaune a tsakar gida ana shan shayi, abokin ya ce bari ya je ya gyara fakin ɗin motarsa, ya tare hanya.

"Ka dai kiyayi bayan motar Yaya," in ji Auta. "Tambayi mai kemis ka sha labari."

Aka kwashe da dariya, har da Inna, tana rufe baki da gefen mayafi. Anti Sannu-sannu ta dubi fuskar ƙaninta tana neman ko alamar kunya. Ba ta ga komai ba. Dariya yake yi da zuciya ɗaya, irin ta wanda ya faɗi abin da ya yi imani ya faru. Ta ajiye kofinta ba ta shanye ba, ta tashi ta shige ɗaki.

Da baƙin suka tafi Inna ta bi ta da faɗa, wai ta kunyata su gaban baƙo, wai tun da ta rabu da yaran nan ta zama mai saurin fushi, ko wasa ba a yi da ita.

Har yanzu suna gida ɗaya da Inna, ita ke saya mata magani, a wurin mai kemis ɗin kuwa. Tsakaninta da Auta gaisuwa ce, in ya gaishe ta ta amsa. Dangi suna cewa tana da riƙo, wasu ma suna cewa baƙin ciki take yi da ƙaninta ya samu. Ba ta taɓa ba su amsa ba. Kujerun suna nan a zaure, kaji sun fara yagar sosonsu, Inna kuma kullum tana mita a nemi mai saye tun ba su gama lalacewa ba.