Akwatin da Malam Ya Bari a Kulle

Ranar Laraba, tara ga watan Maris, muna tsakiyar darasi na uku, masinja ya leƙo ajina ya ce an bugo daga asibiti, malamin Turancinmu ya cika. Na Allah muke, gare Shi kuma za mu koma. Shekara goma sha ɗaya teburina yana jikin naka a ɗakin malamai, Malam, kuma har yau babu wanda ya iya jan kujerarka ya zauna.

Yara suna kiranka Mai Akwati. Da kuɗinka ka sa aka yi akwatin katako mai tsaga a sama, ka kafa shi a bakin ɗakin karatu. Bayan an tashi, duk ɗalibin da ya ga dama sai ya rubuta maka wasiƙa da Turanci ya jefa. Ba ka ba da maki, ba ka taɓa ta da jan biro. Amsa kawai kake rubutawa, ka miƙa masa a ninke. Alkawarinka ɗaya ne: babu idon da zai ga wasiƙar sai naka.

Na sha yi maka tsiya, ina cewa ka mai da kanka gidan waya. Sai da muka zauna duba jarrabawa na kama bakina. Yaran da suke jefa wasiƙa suna cika shafi biyu ba su huta ba, sauran kuwa layi biyar sai gumi. Akwai yarinyar da ba ta taɓa ɗaga hannu a aji ba, ita ta zo ta ɗaya a rubutu. Abin da take rubuta maka ban sani ba. Na dai ga ranar da ka karanta tata ka fasa cin abincinka, ka tafi gidansu.

Kwana uku da rasuwarka mai ɗakinka ta aiko min da makullin a ambulan. Kana asibiti mako biyar yara ba su daina jefawa ba, akwatin ya cika har baki. Yanzu shugaban makaranta ya ce masu duba makarantu suna tafe, zai baje musu wasiƙun a tebur su ga ƙoƙarinmu. Na ce masa amana ce. Ya ce mai amanar ya tafi. Na hana shi makullin, shi kuma ya aika a kira kafinta ya zo ya ɓalle akwatin ranar Litinin.

Maganar ta riga ta kai aji. Yarinyar nan ta tare ni a baranda ta ce, "Malam, da gaske za a buɗe?" Jiya na ba su aikin rubutu, saura mako bakwai babbar jarrabawa. Ita da take cika shafi biyu, layi huɗu ta kawo min, babu kuskure ko ɗaya, babu kuma komai a ciki. Tsoro nake ji, Malam.

Allah Ya jiƙan ka, Ya haskaka kabarinka, Ya sa Aljanna ce makomarka. Ya ba mai ɗakinka da 'ya'yanka da 'yan'uwanka haƙurin wannan rashi. Ka rufa wa yaran mutane asiri, Allah Ya rufa naka. Mu kuma Ya ba mu ƙarfin tsayawa a gaban akwatin nan ranar Litinin.